Kajina sun ƙi yin ƙwai a akwatin da na yi musu, ga shi wurin ƙarami ne

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kaji shida a wani lungu tsakanin kicin da katanga, Noila huɗu da kajin Hausa biyu. Tsawon akurkin mita ɗaya da rabi ne, faɗinsa mita ɗaya da ɗan ɗori. Na sa kafinta ya yi musu akwatin ƙwai, ya kafa shi can sama don kada ya cinye fili. Amma a cikinsa suke kwana, su cika shi da kashi, ƙwan kuma sai dai in tsince shi a ƙasa bayan mazubin abinci, wani ya fashe, wani ya ɓaci. Ɗaya daga kajin Hausan ma kicin take shiga ta yi nata a bayan buhun gawayi. Yaya zan yi, tunda ba ni da filin faɗaɗa akurkin?

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sanya wa kiwon albarka.

Ki kwantar da hankalinki, ba sai kin faɗaɗa akurkin ba. Filin da kika faɗa zai ɗauki kaji shida matuƙar suna samun fita su sha iska da rana. Abin da ya faru shi ne an ɗora akwatin a inda kaza ke neman wurin kwana, aka kuma bar mata lungun bayan mazubi, wanda ya fi akwatin duhu da rufin asiri. Kaza ba ta san cewa kuɗi aka kashe aka yi akwati ba. Wurin da ya fi ko'ina ɓoyuwa a cikin abin da take iya kaiwa, nan za ta yi gurbi. Aikinki shi ne ki mayar da akwatin ya zama wannan wurin, ki kuma ɓata duk wani lungu da ke gasa da shi.

Yana da kyau ki san abin da ke faruwa a jikinta, don shi zai nuna miki lokacin da za ki yi kowane abu. Daga sa'ar da gwaiduwa ta rabu da tarin 'yan gwaiduwar nan da ake gani in an yanka kaza, zuwa sa'ar da ƙwai zai fito, awa 24 zuwa 26 ake yi, kuma kusan awa 20 daga ciki wajen gina ɓawo suke tafiya. A shekarun 1960 wasu masu bincike biyu a Edinburgh, Wood-Gush da Gilbert, sun nuna cewa ba nauyin ƙwai a ciki ke sa kaza neman gurbi ba. Wasu sinadarai ne da jikinta ke fitarwa tun lokacin rabuwar gwaiduwar, wato tun jiya, suke tayar mata da wannan buƙata yau. Shi ya sa awa ɗaya ko biyu kafin ta yi ƙwai za ki ga ta kasa sukuni, ta bar cin abinci, tana kai-komo, tana kyarkyara, tana leƙa wannan lungu ta fito ta leƙa wancan. A wannan ɗan lokaci take zaɓe, kuma yawancin kaji da safe suke yinsa, cikin awa shida na farko bayan gari ya waye. Asalin kazar gida kuma wata kazar daji ce ta kudanci da kudu maso gabashin Asiya, wadda ke kwana a kan reshen bishiya amma take yin ƙwai a ƙasa, a ƙarƙashin duhuwa. Wannan ɗabi'a ba ta bar kajinmu ba: sama ta kwana ce, ƙasa-ƙasa mai duhu ta ƙwai ce.

To, a fara da sauko da akwatin. Ki sa a mayar da shi santimita 30 zuwa 45 daga ƙasa. Noila tana da jiki, ba ta son tsalle mai nisa, don haka ko a kan bulo biyu aka ɗora shi ya wadatar. Sannan a kafa musu sandar kwana wadda ta fi akwatin tsayi sosai, kamar santimita 70 zuwa 90 daga ƙasa. Katako ne mai faɗin santimita 4 zuwa 5 da aka goge kaifin gefensa, ko reshe mai kaurin ƙotar fartanya. Kada a sa bututun ƙarfe ko na roba, santsi yake musu. Kowace kaza tana buƙatar wajen santimita 25 a kan sandar, wato kajinki shida za su cinye tsawon akurkin daidai. Idan kin ga suna matsatsi, musamman da zafi, ki ƙara guntuwar sanda ta biyu a tsayi ɗaya da ta farko, don in ɗaya ta fi ɗaya tsayi duk a kan ta saman za su yi ta faɗa. Kada sandar ta bi ta saman bakin akwatin, kashi zai riƙa zuba ciki. Saman akwatin kuma a yi masa rufi mai gangare sosai yadda kaza ba za ta iya tsayuwa a kai ba.

Ko an yi wannan duka, sabo zai sa su koma kwana a ciki. Bayan la'asar sakaliya, in kin kwashe ƙwan ranar, ki toshe bakin akwatin da falanki ko kwali. Bayan isha, lokacin da duhu ya sa sun yi laƙwas, ki ɗauki duk wadda ta kwanta a ƙasa da hannu biyu, fikafikanta a manne da jikinta, ki ɗora ta a kan sanda. Daga nan ki buɗe akwatin tun a daren, tunda kaza ba ta sauka cikin duhu. In kin fi son buɗewa da safe, to lallai ya zama da asuba. Ina jaddada wannan domin kuskuren da na fi gani a gidaje ke nan: a toshe da yamma, a manta sai hantsi, kazar da ta matsu ta tarar da ƙofa a rufe ta koma lungu, sai ga shi an koya mata abin da ake son hana ta. Yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu suke kama hawan sanda da kansu.

Akwati ɗaya bai ishe ki ba. Ƙa'idar da masu kiwo ke bi ita ce gurbi ɗaya ga kaji huɗu ko biyar, don haka biyu ne mafi ƙaranci a wurinki. Ni dai uku zan ce, saboda kajin Hausan nan biyu. Kazar Hausa in ta tara ƙwai goma zuwa goma sha biyar sai ta shiga kwanci, ta riƙe gurbi har kwana 21, duk wadda ta leƙo ta sha sara. Girman kowane gurbi inci 12 ta kowace fuska, wato santimita 30, na Noila kuma a ƙara ya kai inci 14. Kada a yi shi ya wuce haka da nufin kyautatawa: in ya yi faɗi kaji biyu za su cusa kansu tare su tattake ƙwai, ita kuma kazar ta fi sakewa a inda take jin bango a gefenta. A bakin a sa ɗan katako mai tsayin santimita 8 zuwa 10 don ya tare shimfiɗa da ƙwai.

Ba sai kin koma wurin kafinta ba. Jarkar man girki mai lita 25, in aka wanke ta tas aka yanke gefe ɗaya aka bar ɗan baki a ƙasa, gurbi ce mai kyau, ga sauƙin wanki, ga babu tsagar da ƙwari za su ɓuya. A goge bakin yankan kada ya ji musu ciwo, kuma kada a yi amfani da jarkar da aka taɓa zuba maganin feshi ko fetur. Tsohuwar tukunyar ƙasa mai faɗin baki ko randar da ta tsage, in aka kwantar da ita a gefe aka tokare da duwatsu, ta fi duk waɗannan sanyi, kuma iyayenmu a karkara sun daɗe suna amfani da ita. Kwali na wucin gadi ne kawai, a ƙone shi in ya yi datti. Maganar cinye fili kuwa, hanya biyu ce. Ko dai a huda bangon akurkin a rataya gurbin ta waje, bakinsa yana kallon ciki, da murfi a sama wanda za ki ɗaga ki ɗebi ƙwai ba tare da kin shiga ba, ko kuma a shimfiɗa falanki a ƙarƙashin sandar kwana ya tare kashi, a jera gurbin a ƙarƙashin falankin. Ta biyun tana ba da duhu kyauta, amma tana son a kankare falankin kullum. Idan ta waje kika zaɓa, murfin ya zama mai sakata kuma ruwan sama ba ya bi ta mahaɗarsa.

Yanzu ga wurin da shawarar littattafan ƙasashen sanyi ba ta isa ba. Kaza tana son duhu, amma a ƙasar Hausa duhu da rufewa suna zuwa da zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a Kano, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram yana haura digiri 40, alhali kaza ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24, kuma in ya wuce 30 za ki ga ta buɗe baki tana haki, ta saki fikafikai. Jarka ko akwatin da ke jingine da kwano a rana tanda yake zama. Kazar da za ta zauna rabin awa ko fiye a ciki ba za ta yarda ba, gara mata ƙasa mai sanyi kusa da mazubin ruwa, kuma tana da gaskiya. Don haka ki sa hannunki cikin gurbin da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe. In kin ji ya fi sauran akurkin zafi, sai an gyara. A huda ƙananan ramuka a sama-sama ta baya da gefe don iska ta ratsa, a kauce wa bangon da hantsi ke duka, a shimfiɗa zana ko tsohuwar tabarma a kan rufin kwanon da ɗan tazara tsakaninsu. Duhun da ake so ba na rufe ruf ba ne, inuwa ce. Ki juya bakin gurbin ya bar kallon ƙofa, ki rataya labulen buhu da aka tsattsaga tsaye ya rufe kashi biyu cikin uku na bakin. A kwanakin farko ki ɗage gefe ɗaya don su ga ciki.

Shimfiɗa ma tana da nata tasiri, domin kaza tana son abin da za ta juya a kai, ta tura da ƙirji da ƙafa har ya yi mata kwarmi. Diddigar katako irin ta wurin masu fere katako, ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa mai laushi, kauri santimita 5 zuwa 8. Garin katako mai laushi kamar ƙura ba shi da kyau, yana shiga hanci yana manne wa ƙwai. Ɓawon gyaɗa kuma yana saurin yin fumfuna da damina. Wani abu da ba a cika lura da shi ba: idan kin zuba diddiga mai kauri a duk daɓen akurkin, to ko'ina ya zama gurbi. A makonnin horon nan ki rage ta ƙasa ta zama siririya, ta cikin akwatin ta fi ta kauri da tsabta nesa ba kusa ba.

Sai a sa ƙwan jan hankali. Tsofaffinmu ba sa kwashe ƙwai duka daga gurbin kazar Hausa, sukan bar ɗaya don kada ta yi ƙaura, kuma hikimar tana nan daram: inda kaza ta ga ƙwai, tana ɗauka wurin amintacce ne. Sai dai da zafin nan ƙwan gaske da aka bari yana lalacewa, in ya fashe kuma ya koya musu shan ƙwai. Ki nemi dutse mai santsi mai girman ƙwai, ko ki sa a fere miki na katako, ko na roba da ake samu a wasu shagunan kayan kaji. Ɗaya ko biyu a kowane gurbi. In dole sai na gaske, ki yi masa alama da gawayi ki riƙa canza shi bayan kwana biyu.

Lungun bayan mazubi kuwa, a kashe shi gaba ɗaya. Ki rataye mazubin a tsakiyar akurkin daidai tsayin bayan kaza, yadda babu wata inuwa a bayansa ko ƙarƙashinsa da za ta ɗauki jikinta. Kusurwar da suka saba ki cika ta da bulo ko ki kifa bokiti a wurin. In kuwa kusurwar ba ta tare hanya, mafi sauƙi shi ne ki ajiye ɗaya daga gurbin a daidai wurin da suka zaɓa da kansu. Ba dole ne sai sun bi zaɓinki ba, ƙwai mai tsabta kike nema. Duk ƙwan da kika gani a ƙasa ki ɗauke nan take, domin ɗaya yana jawo na biyu. A makon farko ki riƙa leƙawa sau uku ko huɗu kafin azahar. In kin tarar da wata ta lafe a ƙasa tana shirin yi, ki ɗauke ta a hankali ki sa a gurbi, ki ɗan tsaya har ta natsu. Kada a kore ta da tsintsiya, kada yara su bi ta da gudu. Kazar da ta tsorata a bakin akwati takan daɗe ba ta sake kusantarsa ba.

Ita kuma mai shiga kicin, maganinta kulle. Ki bar su duka a cikin akurki har bayan azahar, da ruwa mai sanyi da abinci isasshe, na tsawon mako ɗaya zuwa biyu, a kuma rufe ƙofar kicin ko a ɗauke buhun gawayin daga inda yake. Ki sani cewa tunda ƙwai yana ɗaukar fiye da awa 24, lokacin yinsa yana ja baya kaɗan-kaɗan kowace rana har kazar ta tsallake kwana ɗaya ta sake farawa da sassafe. Saboda haka wata rana za ki sake su ita ba ta yi ba tukuna. In kin ga tana kyarkyara tana nufar kicin, ki mayar da ita ciki. Kazar Hausa ta fi Noila naci a kan gurbin da ta zaɓa, don ita tara ƙwai take yi da niyyar kwanci. Wani lokaci sai ta gama wannan zagayen ta shiga na gaba sannan take karɓar sabon wuri. Ki yi haƙuri da ita, ita ce za ta ƙyanƙyashe miki 'yan tsaki, har da ƙwan Noila in kina da zakara. In ta shiga kwanci, ki ɗauke ta da gurbinta da dare ki kai wani keɓantaccen wuri, ko ki kifa mata babban kwando, don kada sauran su riƙa ƙara mata sabon ƙwai a kan wanda ya yi nisa.

Idan kin yi duk wannan suka ci gaba da gudun akwatin, ko kuma suna shiga da can sai suka daina rana ɗaya, ki nemi abin da ke cizonsu ko tsorata su. Akwai wasu ƙananan ƙwari masu shan jinin kaji, da kuma kaskar kaji, waɗanda da rana suke ɓuya a tsagar katako da bango, da dare su fito. Tunda kajinki sun daɗe suna kwana a cikin akwatin nan, ina kyautata zaton za a same su a mahaɗar katakonsa. Ki haska tocila da dare, ki goga farin ƙyalle a kusurwoyi da ƙarƙashin sanda. In ya fito da ɗigon ja, su ne. A fitar da shimfiɗar a ƙone, a kwarara tafasasshen ruwa a duk tsaga, a wanke da sabulu, a shanya a rana, sannan a maimaita bayan mako ɗaya, domin ƙwayayen ƙananan ƙwarin nan suna iya ƙyanƙyashewa su girma cikin kwana bakwai. Ki ajiye musu kwano mai faɗi da yashi gauraye da toka a inda ruwa ba ya taɓawa, su riƙa birgima. Don Allah kada ki fesa fiya-fiya ko maganin ƙwarin gona a inda kaza ke yin ƙwan da iyalinki za su ci. A shekarar 2017 sai da aka janye miliyoyin ƙwai daga kasuwannin Turai, musamman Holan, Beljiyam da Jamus, saboda an yi amfani da wani maganin ƙwari mai suna fipronil a gidajen kaji ya shiga cikin ƙwan. In abin ya fi ƙarfin ruwan zafi, likitan dabbobi ne zai ba ki maganin da ya dace, ya kuma faɗa miki kwanakin da za a ƙaurace wa cin ƙwan. Ɓera, gafiya da maciji ma suna sa kaji su yi wa gurbi tawaye. Ki duba ramuka a gindin katanga, ki toshe da siminti, ki daina barin abinci a mazubi da dare.

Akwai kuma ƙwan ƙasa da ba laifin akwati ba ne. Sagarar da ta fara ƙwai takan sake shi duk inda ya kama ta a mako ɗaya ko biyu na farko, kafin ta gane alamar jikinta. Wanda kuma kike tsinta da safe a ƙarƙashin sandar kwana, mai taushin ɓawo ko marar ɓawo sam, alama ce ta ƙarancin sinadarin kalsiyam ko tsananin zafi. Ɓawon ƙwai ɗaya yana cin kusan giram 2 na kalsiyam, shi ya sa abincin leyas na buhu, wato na kaji masu yin ƙwai, yake ɗauke da kalsiyam kashi 3.5 zuwa 4 cikin ɗari. Dusa da gero da ragowar tuwo kaɗai ba za su riƙe Noila mai ƙwai ba. Ki ba su abincin leyas, ki ajiye dakakken ɓawon kawa a wani ɗan kwano daban, ko ɓawon ƙwan da kika gasa kika daka har siffarsa ta ɓace. Amma in taushin ɓawo ya zo tare da zawo kore ko fari, kasala, ko murɗewar wuya, wannan ya wuce maganar gurbi, a kira likita ranar, a kuma ware marar lafiyar.

Ƙwan da kika tsinta a ƙasa kafin komai ya daidaita, kada ki ba kaza ta kwanta a kai, kuma kada ki jiƙa shi a ruwa, domin wanki yana cire siririn rufin da ke toshe ƙofofin ɓawo. Ki goge dattin da busasshen ƙyalle, ki fara amfani da shi kafin na gurbi, a dafa shi sosai. Wanda ya tsage ya taɓa kashi a zubar. In kuma nan gaba kika sayo sababbin sagaru, ki tabbata gurbi da sandar kwana suna nan tun suna mako 16 da haihuwa, kafin ƙwan farko, don wadda ta fara a gurbi ba kasafai take barinsa ba.